Yadda za ka samu taswirar ƙasa a cikakken girmanta

Da farko ka san yankin da kake so, Madarumfa ne ko Tibiri, domin taswirar da ke nuna tudu da kwari kashi-kashi take, kowane kashi da sunansa da lambarsa. Mai ma'aunin 1/200 000, santimita 1 a takarda kilomita 2 ne a ƙasa.

Sai ka nemi Hukumar Taswira ta Ƙasa, IGNN, da ke Yamai. Ka tambaye su bugaggiya. Ita ta fi, in akwai.

In kuwa hotonta ka samu a na'ura, kai shi wurin masu buga zanen gine-gine a nan Maradi, masu injin babbar takarda. Babbar takardar da ake kira A0 faɗinta santimita 84,1, tsawonta 118,9. A nan ne ake ɓarna: ka ce wa mai injin, "Malam, buga ta ɗari bisa ɗari, kada ka matse ta." Da zarar an rage ta, ma'aunin ya lalace, nisan Gulbin Maradi da gonarka ya koma ƙarya.

Kafin ka biya, auna layin ma'aunin da ke ƙasan taswirar, ka ga ko ya yi daidai: a mai 1/200 000, kilomita 2 santimita 1 ce. Sannan ka naɗe ta, kada ka ninke.