Yadda nake ɗinka wa CL jerin haruffa mai tsawo da gajarta

Duk wanda ya yi aiki da CL, harshen umarni na injin IBM i da aka fara fitarwa da sunan AS/400 a 1988, ya san halinsa. Idan ka yanka ma'aji (wato variable, inda shiri ke ajiye bayani) na haruffa 100 ka zuba kalmar "Sannu", sauran gurabe 95 zai cike su da sarari, wato lamba 40 a heksa. RPG kuwa, wani harshen rubuta shiri a injin, yana da VARCHAR, ma'ajin da tsawonsa ke bin tsawon rubutun da ke cikinsa; CL ba shi da irinsa. Ranar da shirina na CL ya fara miƙa wa wani shirin RPG sunan fayil, sai da na kwana biyu ina neman inda matsalar take.

Abin da na gano ba wani sirri ba ne. VARCHAR bayit biyu ne a gaba masu riƙe da tsawo, sannan rubutun ya biyo baya. To mu ma sai mu gina shi da hannu. Tun fitowar V5R4, wani sigar tsarin aikin injin, a 2006 ana iya ɗora ma'aji a kan wani:

DCL VAR(&SAKO) TYPE(*CHAR) LEN(102)
DCL VAR(&TSAWO) TYPE(*INT) STG(*DEFINED) LEN(2) DEFVAR(&SAKO 1)
DCL VAR(&RUBUTU) TYPE(*CHAR) STG(*DEFINED) LEN(100) DEFVAR(&SAKO 3)

Ka lura, 102 na sa, saboda bayit biyun nan na gaba. &TSAWO da &RUBUTU ba su da gidan kansu, ɗakuna ne a cikin &SAKO. Shi &SAKO ɗin ne za ka miƙa wa shirin RPG mai jiran VARCHAR(100).

Yanzu zuba rubutun, ka auna shi nan take:

CHGVAR VAR(&RUBUTU) VALUE('/home/rahoto.txt')
CHGVAR VAR(&TSAWO) VALUE(%CHECKR(' ' &RUBUTU))

%CHECKR yana lalube daga ƙarshe har ya ci karo da harafin da ba sarari ba, ya ba ka matsayinsa. A nan 16 ne. Ni ban taɓa raba layukan nan biyu ba, domin CL ba zai gyara maka tsawon ba. Ka canza rubutu ka manta da &TSAWO, ɗaya shirin zai karanta guntu, ko ya haɗo da sarari, kuma babu saƙon kuskure da zai faɗakar da kai.

Wurin karantawa sai ka yi amfani da %SST(&RUBUTU 1 &TSAWO). Amma fa ka fara duba ko tsawon sifili ne da IF, don %SST ba ya karɓar sifili, shirin faɗuwa zai yi.

Akwai inda %CHECKR bai isa ba: idan sararin ƙarshe yana cikin saƙon, kamar a kalmar sirri. Nan dole tsawon ya fito daga wanda ya aiko. Ina kuma rubuta wa shirin umarninsa na kansa, in sa VARY(*YES *INT2) a layin PARM, inda ake fayyace abin da za a miƙa wa shirin. Injin da kansa zai liƙa bayit biyun a gaba, fasalin ya dace da &SAKO tsaf. Wannan hanyar ta kuma raba ni da wata tsohuwar masifa ta CALL daga layin umarni, inda rubutu ke samun cikon sarari zuwa bayit 32 kawai, wanda ya wuce haka kuma tarkacen da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ya biyo shi.

Idan injinka tsoho ne da bai san STG(*DEFINED) ba, %BIN(&SAKO 1 2) zai karanta maka tsawon, ya kuma rubuta shi, rubutun kuma ka ɗauko shi da %SST daga gurbi na 3.