Darasi na 9: Fentin Jirgin Ruwa da Gubar TBT

Ƴan'uwa, wanda ya taɓa zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana ya ga jan fentin da ake shafa wa gindin jirgi. Aikinsa shi ne hana gansakuka da ƙananan halittu maƙalewa a jikin jirgin. Tun daga shekarun 1960 aka riƙa zuba wa irin wannan fenti wani sinadari mai kuza a ciki. Sunansa TBT.

Dabbobi ne suka fara nuna ɓarnarsa. A gaɓar Arkashon ta Faransa, ɓawon kawa ya yi kauri ya karkace, ƴaƴanta suka daina rayuwa, masu kiwonta suka tafka asara. A 1982 Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba.

Abin da ya sami dodon koɗin teku ya fi tayar da hankali. Matansu sun tsiro da gaban namiji, har ya toshe hanyar ƙwai, haihuwa ta tsaya. Kuma ba guba mai yawa ake bukata ba: kusan giram 1 a cikin lita biliyan 1 ta ruwa ya isa. Dalili kuwa, TBT yana rikita homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki game da girma da haihuwa. Da aka gwada shi a kan ɓeraye, garkuwar jikinsu ta yi rauni. Waɗanda suka same shi tun suna cikin uwa sun tashi da kitse fiye da kima. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mu ma da homon jikinmu yake aiki.

Dokar duniya da ta haramta fentin ta fara aiki a 2008, amma gubar takan yi shekaru kwance a laka da jikin tsofaffin jirage.

Saboda haka, Malam mai sayen tsohon ƙarfe, in za ka kankare fentin jirgi, rufe hanci da baki, sa safar hannu, kada ka ƙona shi. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci waake. Hajiya, kada ki yarda a shafa ragowar fentin jirgi a durom ɗin ruwa ko ɗakin yara, ko da kyauta aka ba ki.

Aiki: rubuta T, B, T a littafinka sau biyar. Gobe kowa ya kwafo rubutun da ke jikin gwangwanin fenti ɗaya daga Nima ko Sabon Zongo, mu karanta tare.