Darasi na 7: Amsa imel da gyara ƙarar saƙo a salula

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana. A darasin da ya wuce kowa ya gano adireshin imel ɗinshi, kuma da yawa cikinku sun yi mamaki da suka ga ashe suna da shi tun tuni ba su sani ba, mai sayar da waya ne ko yaron gida ya buɗe musu ranar da aka sayi salular, don wayar Android ba ta barin ka ɗauko WhatsApp daga Play Store sai da asusun Google, asusun nan kuwa shi ne Gmail ɗinka. To yau aikinmu biyu ne, yadda ake maida amsa in an rubuto maka, da yadda zaka gyara ƙarar wayar ta daina damunka amma kuma kar ta ɓoye maka saƙon da kake jira.

Abin da yasa na dage sai mun yi wanga darasi, wata baiwar Allah ce a ajinmu na bara, shugabar ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sun kai dosiye wurin wata ƙungiya mai bada tallahi, aka ce su rubuta adireshin imel ɗinsu a takarda, suka rubuta. An aiko musu amsa ana neman hoton takarda guda ɗaya tak cikin kwana bakwai, ita kuwa ta riga ta sa ɗanta ya kashe duk ƙarar wayar saboda tana hana ta barci, ba ta ga saƙon ba sai bayan sati uku. Wallahi ranar da muka buɗe tare muka gani raina ya ɓaci ƙwarai, don ba rashin cancanta ya hana su ba.

Imel wasiƙa ce, ba hirar WhatsApp ba ce. Ku riƙe wannan. A WhatsApp ka ce "ina kwana", ka jira, ka ce "ya gida", ka jira, sannan ka shigo da maganar. A imel ba haka ake ba, mai karantawa yana buro ne da saƙo ɗari gabanshi, wataƙila sai gobe zai sake dubawa, saboda haka gaisuwa da magana da sunanka duk a saƙo ɗaya suke tahiya.

Yanzu kowa ya ɗauki wayarshi ya buɗe Gmail, alamar harafin M mai launi. Taɓa saƙo ɗaya ya buɗe, ka gangara can ƙasa. Yawancin wayoyinmu a nan Maraɗi da Faransanci suke, zaka ga kalmomi da kibiyoyi kusa da su, wanda karatun bai zauna mishi ba tukun ya lura da kibiyar. Kibiya guda mai lanƙwasa ta koma hagu, an rubuta Répondre, ita ce amsa ga wanda ya aiko shi kaɗai. Kibiya biyu a goye, Répondre à tous, amsa ce ga duk wanda aka sa cikin saƙon. Kibiyar da ta dubi dama, Transférer, wannan ba amsa ba ce, miƙa saƙon ne ga wani mutum daban.

Bari in tsaya kan kibiya biyun nan don nan ake jin kunya. A ce sakataren ƙungiyarku ya aiko ma mutum arba'in sanarwar taro, kai kuma kana son ka ce mishi ba zaka samu zuwa ba saboda iyali ba lahiya, ko ka roƙe shi ya ɗaga maka biyan kuɗin wata. In ka taɓa kibiya biyu, mutum arba'in ɗin nan duk sun karanta sirrinka, kamar ka tsaya tsakiyar babbar kasuwa ranar Juma'a ka ɗaga murya. Kafin ka aika komi dubi sama wurin da aka rubuta À, nan sunan wanda zai karɓa yake, in ka ga wani layi mai Cc to waɗancan ma zasu gani. Ni shawarata kibiya guda kullum, sai in maganar ta kowa ce da gaske, kamar an canza ranar taro.

Layin Objet shi ne kan magana, in amsa kake zaka ga waya ta sa Re: a gaba da kanta, kar ka goge, shi ke nuna ma mai buro cewa amsar wane saƙo ce. Kuma kar ka rubuta duka wasiƙar cikin wannan layi, na ga masu yin haka da yawa, rubutu ƙasa ake yinshi a babban fili.

Ga misalin amsa, ku kwafa cikin kaye ɗinku:

"Assalamu alaikum. Na ga saƙonku na ranar Litinin, na gode. Takardar da kuka nema zan aiko ta ranar Alhamis in sha Allahu. Ku huta lahiya." Sai sunanka cikakke da sunan ƙungiya da lambar waya, in mutanen na waje ne ka fara da +227.

Ya isa haka. Ko ba ka da abin da aka nema a hannu ka aika irin wannan, mai jira ya san saƙo ya iso, shiru shi ke sa a ɗauka ba ka so. Ko da yake tun 2025 aka sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, har yanzu burori da Faransanci suke rubuto yawancin saƙo, to in ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne ka kai ma wanda ka yarda da shi ya karanta maka, amma wayar na hannunka ko gabanka, kuma lambar sirrinka ba ta cikin abin da zai karanta. Wani lokaci Gmail na kawo ƴan gajerun amsoshi shiryayyu a ƙasan saƙo, kalma biyu uku, kar ka taɓa su in ba ka gane mi suke cewa ba, kar ka je ka amsa "na yarda" ga abin da ba ka ji ba.

In takarda zaka haɗa, akwai alamar ƙarfen maƙale takardu a sama, taɓa ta ka zaɓi hoton. Ka ɗauki hoton da rana a inuwa, takardar a shimfiɗe, ka duba ana iya karanta rubutun kafin ka aika. Gmail na ɗaukar har mega 25 a saƙo ɗaya, hoto biyu uku ba matsala, bidiyo ne ke wuce iyaka kuma ya cinye maka forfe. Aikawa kuwa alamar nan ce mai kama da kan kibiya a sama hannun dama. Da ka taɓa ta kalmar Annuler zata fito a ƙasa na ƴan daƙiƙu kaɗan, in ka tuna kuskure ka yi maza ka taɓa, saƙon ya dawo. In ta ɓace shikenan ya tahi, ba kamar WhatsApp ba da zaka goge ma kowa daga baya.

Rezo yakan yi mana wasa musamman in an fita gari wajen ƙauyuka, to saƙon da ka aika ba rezo yana zaune cikin Boîte d'envoi yana jira, in intanet ya dawo zai tahi da kanshi. Don ka tabbata, taɓa layuka ukun nan na sama hannun hagu ka shiga Envoyés, in ka ganshi can ya tahi. Wani abu kuma, adireshin da ya fara da noreply na'ura ce ta aiko, ko ka amsa ba mai karantawa, nemi wani adireshi ko lamba cikin saƙon.

To mu zo ga ƙara.

Mutane kashi biyu ne a nan, wanda ya bar komi na kuka har ya saba ya daina dubawa, da wanda ya gaji ya kashe duka kamar ƴar uwarmu da na baku labari. Dukansu saƙon kirki na wuce su. Abin da muke so wayar ta yi magana in maganar ta kai, sauran lokaci ta yi shiru.

Taɓa layuka uku, gangara har ƙasa zuwa Paramètres, taɓa adireshinka, ka nemi Notifications. Zaɓi uku zaka gani, duka saƙonni, ko masu muhimmanci kaɗai, ko babu ko ɗaya. Wasu na cewa a zaɓi na biyu, ni ban ba ku wannan shawara ba, don na'ura ce ke canka mi ke da muhimmanci kuma ba ta san kana jiran amsar konkur ko sakamakon rajistar ɗanka a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ba. Mu da saƙonmu bai da yawa gara mu bar shi a duka, sannan mu rage tarkacen da ke shigowa. Saƙon talla da na shagunan intanet, buɗe ɗaya ka nemi Se désabonner, wato ka ce a cire ka, su daina aikowa. Facebook kuwa shi ke cika akwati da "wane ya sa hoto, wance ta yi magana", wannan cikin Facebook ɗin kanshi ake kashe shi.

Cikin shahin nan na Paramètres ka duba Synchroniser Gmail, a ga alamar maki a kanta. In an cire ta saƙo ba zai shigo ba sai ka buɗe da kanka, kuma yara sukan cire ta wai don mega ta daɗe, alhali rubutun imel ba ya cin komi in ka gwada da bidiyo ɗaya na TikTok. Haka tsarin ajiyar batir, da yake kuran na yawan ɗaukewa lokacin zahi kowa kunna shi yake, a Tecno da Itel da Infinix yakan hana manhaja aiki in ba a buɗe take ba, sai saƙo ya makara. Ba na ce kar a kunna ba, amma ranar da ka kunna ka buɗe Gmail da hannunka ka ja allon ƙasa da yatsa ya sabunta.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Gmail na raba saƙo ɗaki-ɗaki, akwai Principale, babban ɗaki kenan, akwai na talla akwai na su Facebook, kuma a yadda ya zo saƙon babban ɗaki ne kaɗai ke sa waya ƙara. Sannan ga Spam, kwandon da yake jefa abin da yake zato na ƴan damfara ne, wani lokaci yana kuskure ya jefa saƙon kirki ciki, bayan kwana 30 kuma ya goge shi da kanshi. Saboda haka duk mai jiran amsa daga wani buro ya leƙa ɗakunan nan da Spam ko da sau biyu a sati, ku ɗaure shi da ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a, ba zaku manta ba. In ka samu na kirki a Spam ka buɗe ka taɓa wurin da ke cewa ba spam ba ne, ya koma babban ɗaki. Amma fa abin da ke ciki yawanci shara ce, wanda ya ce ka ci miliyoyin sefa ko ya ce za a ruhe asusunka in ba ka turo lambar sirri ba, kar ka amsa ko da zagi ne, amsawa na nuna musu akwai mutum a adireshin. Lambar nan shidda da Google ke turowa ta SMS mai farawa da G, ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake.

Wani lokaci yatsa ya ja saƙo gefe ya ɓace, hankalin mutum ya tashi. Bai ɓata ba, yana cikin Tous les messages, in kuma gogewa ka yi yana Corbeille har kwana 30.

Sai maganar dare da masallaci. Ja allon wayar daga sama zaka ga Ne pas déranger, alamar jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya, in ka kunna komi ya yi shiru amma saƙo na shigowa yana jiranka. Ana iya sa mishi lokaci, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba, ya kunna kanshi ya kashe kanshi, kuma ana iya barin kira ya shigo ko a bar wanda ya sake kira cikin minti 15 ya samu, saboda larura, mai tsohuwa a ƙauye ya san abin da nake nufi. Da ƴar uwarmu wannan aka sa mata da ta yi barcinta ta kuma ga saƙonta da sahe. Alhazai don Allah ranar Juma'a kafin a shiga sahu a taɓa shi.

Aikin gida kafin zama mai zuwa: kowa ya nemi abokin zamanshi a aji ku karɓi adireshin juna, ɗaya ya aika saƙo yana tambayar kuɗin tiyar gero a kasuwa yau, ɗayan ya amsa da kibiya guda, da gaisuwa da suna a ƙasa, ya haɗa da hoto ɗaya. Wanda aka aika ma ya lura ko wayarshi ta yi ƙara, in ba ta yi ba ya rubuta irin wayar a kaye ya zo da ita da cajinta, zamu buɗe Paramètres ɗin tare.