Shawara ga mai neman kwale-kwalen iska na mutum biyu don ƙaramin tafki

Jama'a, kafin ku kalli kyau ko gudu, ku fara tambayar nauyi. A ƙaramin tafki ku biyun ne za ku ja shi zuwa ruwa, ku kuma fito da shi bayan kun gaji. Samfurin kwale-kwalen da ake kira Mirror mai tsawon mita 3.3 gangar jikinsa bai kai kilo 50 ba, ya dace da babba da yaro, amma manya biyu za su takura a ciki. Wayfarer ya kai mita 4.8, ba ya saurin kifewa, sai dai nauyinsa ya haura kilo 160, ja shi a gangare sai an yi gumi. Ni na fi son na tsakiya, irin Enterprise mai kimanin mita 4.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne allon da ake saukarwa ƙarƙashin jirgin don kar iska ta tura shi gefe. Ku nemi mai lanƙwashewa baya idan ya taɓa ƙasa. Wanda ake zura shi a tsaye, da ya daki dutse ko laka sai jirgin ya tsaya cak, wani lokacin har ramin allon ya tsage.

Iskar tafki kuwa ba ta da tabbas, bishiyoyin gefe su tare ta, can sai ta faɗo gaba ɗaya. Don haka ƙyallen iskan ya zama wanda za a iya rage faɗinsa. Ku ɗaura abin da ba ya nitsewa a ruwa a saman sandar da ke riƙe da ƙyallen, kar ta kafe cikin laka in kun kife. Rigar ceto kuwa kowa ya sa tasa tun daga bakin ruwa.