Yadda ake gano shekarar haihuwar kakanka maƙeri ta lokacin da ya fara ƙira

Duk wanda ya fito daga gidan maƙera a Zamfara, in ya tashi neman shekarar da aka haifi kakansa ko kakan babansa, abin da tsofaffi za su ba shi bai wuce magana guda ba: "ya fara ƙira lokaci kaza." Takardar haihuwa dai babu ita. A kan wannan 'yar maganar na ga mutum uku sun yi tuntuɓe, ni ne na huɗu, kuma nawa ya fi nasu muni. Ba zan tsaya gaya maka ka riƙe biro da littafi ko ka naɗi hirar a waya ba, wannan ka sani.

Da farko ka nemi turke. Abin nufi, wani abu da ya faru wanda shekararsa ke rubuce, da za ka ɗaure labarin a jikinsa. A ƙasarmu turakan suna da yawa. Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Yaƙin Satiru 1906. Babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama ake kira Kakalaba. Annobar mura ta 1918. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Sai zamanin Sarakunan Musulmi: Maiturare daga 1915 zuwa 1924, Tambari har 1931, Hasan ɗan Mu'azu har 1938, sannan Abubakar na uku. Na ƙarshen nan ya yi shekara 50 a kan gado, saboda haka in aka ce maka "zamanin Sarki Abubakar" ba a gaya maka komai ba, sai ka sake tambaya.

Kada ka kuskura ka ce wa tsoho "wace shekara ce?" Zai ba ka lamba don kada ka tashi hannu wofi, kai kuwa ka rubuta ka ɗauka ka samu. Ka ce masa wa ke sarautar garin, an yi yunwa ko ba a yi ba, jirgi ya zo ko bai zo ba.

To yanzu ga inda ake faɗuwa. "Fara ƙira" ba abu ɗaya ba ne a bakin maƙeri. A gidajen da na zauna, yaro ɗan gado ana ɗora shi kan zuga-zugi yana shekara 6 zuwa 8, galibi bayan kaciya. Aikinsa ke nan, ya zauna gefen wuta yana danna fata biyu, dama da hagu, uban na tsawa in wutar ta yi sanyi, a aike shi gawayi, a aike shi ruwa. Wannan ma wasu na ce masa fara ƙira. Daga nan sai a bar shi ya riƙe awartaki, ya miƙe ƙusa, ya taɓa ƙananan abubuwa irin su basilla da 'yar wuƙa, wajen shekara 10 zuwa 12. Shi ma fara ƙira ne. Sai duka da masaɓa, wato gudumar maƙeri, wanda ba a ba yaro sai ƙashinsa ya yi ƙwari, kusan lokacin da azumi ya hau kansa. Na ƙarshe shi ne ranar da uba ya kafa masa uwar maƙera tasa, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, yana karɓar aikin manoma da kansa, kuma wannan yawanci sai ya yi aure. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara 12 zuwa 15. Wanda ya ji "fara ƙira" ya zabge 7 kawai ya wuce, to ya yi caca.

Abin da na yi ke nan. An ce mini kakan babana ya fara ƙira shekarar da jirgi ya iso Ƙaura. Na cire 7 daga 1929, na rubuta 1922, har na tura wa dangi a WhatsApp ana ta sa mini albarka. Bayan wata biyu wani baffana ya ce ai ɗan farin tsohon, wato kakana, an haife shi ne shekarar da Tambari ya bar sarauta. Na lissafa, sai ga yaro ɗan shekara 9 da jariri. Na koma wurin autar tsohon, ƙanwar kakana, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Da na karanta mata abin da na rubuta ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai maigida, wa yac ce ma yaro na? Sa'ad da jirgi yaz zaka Ƙaura ai ya yi arme. Shekaran nan ubanai yab ba shi uwar maƙera." Goron ɗari biyar da tambaya ɗaya, su ne da sun hutar da ni tun farko.

Saboda haka dokata ita ce, duk wanda ya ce maka ya fara ƙira, ka tambaye shi me ke hannun yaron a lokacin. Zuga-zugi ne, awartaki ne, masaɓa ce, ko maƙerarsa ce ta kansa? In mai ba da labarin ya kasa, zagaya ta wata hanya: an yi masa kaciya? Ya fara azumi? An sa shi cikin haraji? Ya yi aure? Mata sun fi maza riƙe irin wannan, don su ne ke lissafin goyo da yaye da biki. Ni yanzu da tsofaffin mata nake farawa, maza su biyo baya.

Wani abin kuma, ka tabbatar ɗan gado ne ko ɗan haye. Duk lissafin da na yi a sama na ɗan gado ne, wanda ya buɗe ido ya ga wuta a zauren gidansu. Ɗan haye yana iya shiga sana'ar da gemunsa, ko bayan ya dawo daga almajirci, ko yunwa ta koro shi ya raɓu da gidan maƙeri. Irin wannan shekarar fara ƙirarsa ba ta da amfani wajen gano haihuwarsa, sai ka nemi wata igiyar. Kuma a yi hattara da tambayar, gidaje da yawa ba sa son a ce kakansu haye ya yi. Ka tambayi sana'ar uban kakan, amsar za ta fito da kanta.

Turke ɗaya ba ya isa. Ka nemi na biyu daga bakin wani dabam, wanda bai ji abin da na farko ya faɗa ba. Ni nawa na biyun ya zo ne daga wani tsohon maƙeri a unguwarmu, da ya ce ya sha jin marigayin na cewa yana kan zuga aka yi babbar yunwa, har aiki ya tsaya don babu mai kawo gyaran kwasa ko gatari. Yaron zuga a 1914 haihuwarsa ta faɗa 1906 zuwa 1908. Mai shekara 21 zuwa 23 a 1929, da sabon aure da sabuwar maƙera, ɗan fari a 1931. Komai ya zauna.

In gidanku na da malami da ya rubuta haihuwa ko rasuwa a bangon littafi, shekarar Hijira ce, kuma shekara 33 ta Hijira daidai take da 32 ta Bature. Tsohon da aka ce ya yi 99 da ƙirgen azumi, 96 ne. Ka gyara wannan kafin ka cire daga shekarar rasuwa.

Sauran na gudu ne. Ka tambaya ko da ƙarfen tama ya koya ko da guntayen ƙarfen Turawa, irin na jirgi da sifirin mota, don wanda ya ga ana narka tama yana yaro ya girmi wanda ya tarar da sifirin. Ka je gidan Sarkin Maƙera na garinku, in kuma akwai mai kiɗan dundufa, wato kiɗan maƙera, da ya rage ka ba shi ɗan abin goro ya yi maka kirarin gidanku, sunayen kakanni a jere suke fitowa. Maganar zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ka bar ta ƙarshe. Rahotannin haraji na Turawa sun fi ba da adadin maƙeran gunduma, da wuya ka ga sunan kakanka, ga kuɗin mota da na kwana. Kada kuma ka ɗauki hanyar ƙauye a wannan hali da ake ciki ba ka bincika ba, yawancin tsofaffin da kake nema suna nan Gusau ko Ƙaura ko Mafara wurin 'ya'yansu.

In ka zo rubutawa, kada ka sa shekara ɗaya. Ni abin da na sa a littafin gidanmu shi ne "tsakanin 1906 da 1908", a ƙarƙashinsa na rubuta wanda ya faɗi maganar jirgi, da wanda ya faɗi ta yunwa, da ranar da kowannensu ya gaya mini.