Kafin ka fara canjin kirifto a Amurka

Wani ƙanena da ya sauka a Bronx ta birnin New York bai cika wata uku ba ya same ni bayan sallar Juma'a, ya ja ni gefe. "Yaya, na samu hanyar ci da kai." Mutane na ba shi dala, shi kuma ya sayi USDT, wani kuɗin intanet na kirifto da darajarsa ke bin dala, ya sayar a gida, iyalansu su ga naira a asusu kafin la'asar, ya cire ɗan kamashonsa. Na tambaye shi mutum nawa ya yi wa haka. Ya ce bai ƙirga ba. A nan gabana ya faɗi.

Ban ga laifinsa ba. Mu mun taso muna ganin 'yan canji a Wapa da Zone 4, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, kowa ya koma cinikin hannu da hannu. An janye hanin a Disambar 2023, amma sabon ya riga ya kama jiki. To nan ba haka ba ne.

Mallakar kirifto a Amurka ba laifi ba ne. Ka sayi naka, ka ajiye, ranar da kuɗin haya ya matse ka ka sayar wa abokinka, babu mai neman lasisi a wurinka. Matsalar tana farawa ne ranar da abin ya zama sana'a: kana saye don ka sayar wa jama'a, kana talla a rukunin WhatsApp, kana ɗora riba, ko kana karɓar kuɗin wani ka isar wa wani. Hukumar FinCEN mai yaƙi da laifukan kuɗi, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar baitulmali, ta raba waɗannan biyun tun 2013, ta kuma ƙara fayyacewa a 2019 cewa mai canjin hannu da hannu ɗan kasuwar aika kuɗi ne, ko da a kan gadonsa yake yi da waya. Kada ƙanƙantar cinikin ta yaudare ka, domin a wannan rukuni babu wani adadin da aka ce ƙasa da shi an yafe.

Mai wannan sana'a dole ya yi rajista da FinCEN cikin kwana 180, ya sabunta duk shekara biyu, ya san ko su waye abokan cinikinsa, ya kai rahoton duk tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000. Rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don a kauce wa rahoton ma laifi ne mai zaman kansa. Wannan na tarayya ke nan. Kusan kowace jiha tana da nata lasisin daban, kuma New York, inda da yawanmu muke, tana da wanda ake kira BitLicense tun 2015, wanda tsadarsa da wahalarsa ba na talaka ba ne. Yin sana'ar ba lasisi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 1960 na kundin laifukan tarayya, kuma hukuncinsa na iya kai shekara biyar a kurkuku.

Ba tsoratarwa ba ce. A Afrilun 2019 FinCEN ta ci wani mutumin California tarar kimanin dala 35,000 kan canjin bitcoin, ta kuma raba shi da sana'ar. Wani a Arizona kuwa jami'ai ne suka je masa a matsayin masu saye, suka ce masa kuɗin ƙwaya ne, ya karɓa. A 2018 aka yanke masa wata 41.

Za ka ji ana cewa an sassauta. Gaskiya ne a Afrilun 2025 ma'aikatar shari'a ta umarci masu gabatar da ƙara su bar tuhumar rashin lasisi sai in mutum ya san ana buƙata ya take sani. Amma umarni ne na cikin gida, dokar tana nan, jihohi kuma ba su ajiye tasu ba. Kai kuma ga shi yanzu ka sani.

Abin da ya fi kama mutanenmu ma ba kotu ba ce, banki ne. Baƙo ya turo maka kuɗi ta Zelle, manhajar tura kuɗi tsakanin bankuna, ka sakar masa kirifto, ashe kuɗin wata tsohuwa ce da aka damfara. Ta kai ƙara, sunanka ne a kan takarda, shi ya ɓace. Banki ya rufe asusunka, buɗe wani ya zama aiki. In kuwa bizar karatu gare ka, kasuwancin kansa ya saɓa sharaɗin zamanka, kuma irin wannan tabo yana jiran mutum ranar neman katin zama ko zama ɗan ƙasa.

Ko naka ka sayar, akwai haraji. Tun 2014 hukumar haraji ta IRS take ɗaukar kirifto a matsayin kadara, ribar da ka ci abin biya ce, kuma a shafin farko na takardar haraji ta 1040 akwai tambaya a kansa. Ka riƙa rubuta ranar saye, farashi, da ranar sayarwa.

Ƙanen nawa ya daina a makon. Na sa ya adana duk saƙonninsa da bayanan banki, kada ya goge ko ɗaya, muka nemi lauya mai sanin harkar shige da fice. Masu aike gida kuma ya nuna musu kamfanoni masu lasisi, wasu har yau suna masa mita wai canjinsa ya fi daɗi.