CD30 ba sunan cuta ba ne: kurakuran da sababbin hannu ke maimaitawa a limfoma da dashen ƙoda

Akwai wata takardar sakamako da na gaji da ganinta. Layi biyu ne kacal: an ga manyan ƙwayoyin halitta a cikin kaluluwa, sun kama rinin CD30, saboda haka limfomar Hodgkin ce, wato wani nau'in sankarar kaluluwa. A sa hannu, a miƙa wa likitan ciwon daji. A ɓangaren dashen ƙoda kuma ƙanwarta ce ke yawo: an auna CD30 na cikin jini ya hau, ke nan jiki ya fara ƙin dashen. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato ɗaukar CD30 tamkar sunan wata cuta. Ƙannena masu shigowa aikin nan, da na ɗakin gwaji da na bakin gado, da ku nake.

CD30 furotin ne da ke zaune a jikin fatar limfosait, farar ƙwayar jinin nan mai aikin garkuwa. Aikinsa karɓar saƙo. Idan abokin haɗinsa CD153 ya taɓa shi, sai ya tura umarni zuwa cikin ƙwayar ta hanyar furotin ɗin TRAF har zuwa NF-κB, wanda ke taya ta rayuwa da hayayyafa. Limfosait ɗin da ke kwance lafiya ba ta da shi. Sai an tashe ta, ko da ƙwayar cuta, ko da baƙon sassan jiki, ko da rikiɗewar sankara, sannan yake fitowa. Tun a 1982, lokacin da Harald Stein da abokan aikinsa suka samar da Ki-1, antibodin farko mai gano CD30, a Kiel ta Jamus, sun bayyana cewa yana kama ƙwayoyin Hodgkin kuma yana kama wani ɗan kaso na lafiyayyun ƙwayoyin kaluluwa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma rabin jimlar kawai mutane suka haddace.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi cin rai: ganin launin ruwan ƙasa na rini a gilashi a kira shi Hodgkin

Ku ɗauki saurayi ɗan shekara goma sha tara, zazzaɓi na mako biyu, ciwon maƙogwaro, kaluluwa a wuya ta kumbura kamar ƙwan tantabara. An ciro ta. A ƙarƙashin madubi za ku ga manyan ƙwayoyi masu ƙaton ɗigo a tsakiyar cibiyarsu, wasu ma cibiya biyu kamar idon mujiya. Rinin CD30 ya kama su tsaf. Wanda ya tsaya nan ya rubuta Hodgkin. Alhali ƙwayar cutar EBV, wato bairas ɗin Epstein-Barr, ce ta tashi garkuwar yaron, kuma da an bar shi da ya warke da kansa. A madadin haka an ɗora shi kan kemo na wata shida: gashi ya zube, zuciya ta sha doxorubicin, huhu ya sha bleomycin, ga tambarin ciwon daji da zai bi shi har kabari. Kama da wane ba ta wane. Ban san wani kuskure a fannin nan da ya fi wannan tsada ba, kuma ba na karɓar uzurin "ai rinin ne ya nuna". Rini ba ya sa hannu a takarda, mutum ne ke sa wa.

Ga yadda nake yi, kuma ba na tsallake mataki ko da aiki ya yi yawa. Ba na buɗe gilashin CD30 sai na gama kallon gilashin rinin yau da kullum da ƙaramin tabarau. Tsarin kaluluwar yana nan ko ya rushe? Manyan ƙwayoyin nan su kaɗai ne baƙi a tsakiyar ƙananan limfosait da iyosinofil, ko kuwa akwai matakala, daga ƙanana zuwa matsakaita zuwa manya har zuwa ƙwayoyin filasma? Matakalar nan alamar garkuwa ce da ke aikinta. Sannan ba na neman CD30 shi kaɗai, har abada. Tare yake tafiya da CD15, CD45, CD20, CD3, PAX5 da gwajin EBER mai gano EBV a cikin ƙwaya. A Hodgkin na asali, babbar ƙwayar tana kama CD30 da ƙarfi, ba ta kama CD45, tana kama PAX5 amma dishi-dishi idan aka gwada ta da ƙananan ƙwayoyin B na gefenta, kuma a wajen kashi uku cikin huɗu na marasa lafiya tana kama CD15. Ƙwayar da EBV ta tasa kuwa tana riƙe da CD45 ɗinta, ba ta kama CD15, kuma ƙarfin CD30 ɗin ya bambanta daga wannan zuwa waccan. EBER ma sai an duba wa ya kama: a Hodgkin manyan kaɗai, a zazzaɓin EBV manya da ƙanana duka.

Ku kuma dubi inda rinin ya zauna. Na gaskiya zobe ne a gefen ƙwayar, da ɗigo guda mai duhu kusa da cibiya. Hazo-hazon da ya bazu cikin ƙwayar filasma ba shi ba ne, kada ku ƙirga shi.

Sauran masu kama CD30 da ake mantawa da su: limfomar ALCL, wadda kusan duk ƙwayoyinta ke kama shi da ƙarfi bai ɗaya, cibiyarsu kamar kofaton doki, kuma dole a nemi ALK a kanta, limfomar manyan ƙwayoyin B ta tsakiyar ƙirji, mai kamawa sama-sama, da sankarar 'ya'yan maraina ta embiriyonal, wadda ba limfoma ba ce sam, keratin da OCT3/4 ne ke tona ta. A fata kuma akwai ƙurajen nan masu fitowa su warke da kansu cikin makonni su sake dawowa. A madubi sai ku rantse mugunyar limfoma ce. Tambaya ɗaya ga mai cutar, "suna tafiya da kansu?", ta fi rini goma amfani.

Ƙananan kurakuran hannu kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Kaluluwa gaba ɗaya a jefa cikin ɗan kwalba, tsakiyarta ta ruɓe kafin fomalin ya isa: a yanka ta kaurin milimita 2 zuwa 3, fomalin mai kashi 10 cikin ɗari ya ninka naman sau goma, ta zauna awa 6 zuwa 72. Gutsiren ƙashi da aka narkar da asid mai ƙarfi yakan rasa rinin, ni EDTA nake so ko da zai ɗauki kwanaki. Gilashin da ba a ɗora masa ɗan naman tonsil na shaida ba, idan ya fito fari ba ku san ko babu CD30 ba ne ko rinin ne ya mutu. Zuƙo ruwa da siririyar allura a Hodgkin caca ce, domin ƙwayoyin sankarar sau da yawa ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, a ciro kaluluwar sukutum. Kuma don Allah a daina ba da prednisolone kafin a ɗauki nama.

Kuskure na biyu: yanke wa ƙoda hukunci da lambar jini

Wani inzayim yakan datse CD30 daga jikin ƙwayar ya faɗa cikin jini, shi ne ake aunawa da sunan sCD30. A 2002 Caner Süsal da Gerhard Opelz da abokan aikinsu a Heidelberg suka duba jinin mutum 3,899 da aka ɗiba kafin a yi musu dashen ƙoda. Waɗanda awonsu ya kai 100 U/mL ko ya haura, kashi 64 cikin ɗari ne ƙodarsu ke aiki bayan shekara biyar, na ƙasa da haka kuwa kashi 75. Bincike ne mai kyau. Abin da ya faɗa shi ne, a cikin taron dubban mutane, masu garkuwar da ta riga ta tashi sun fi haɗari. Bai ce wannan mutumin da ke kwance gabanku yau, wanda kiriyatinin ɗinsa, awon aikin ƙoda a jini, ya hau, jikinsa na ƙin dashe ba. Binciken da suka biyo baya sun saɓa wa juna, kuma da aka tattara su sai aka ga awon kafin dashe ba ya hasashen ƙin dashe da kyau ga mutum ɗaya. Ba ya ma cikin ma'aunin Banff, ƙa'idar da ake bi wajen tantance ƙin dashe a naman ƙoda.

Me ke ɗaga shi? Kusan duk abin da ke tashin limfosait. Zaman wankin ƙoda kansa, EBV, HIV, ciwon hanta na B da C, lufus, kircin fata mai tsanani, da limfoma. Kayan awon ma ba bakinsu ɗaya ba, wani kamfani U/mL yake bayarwa wani ng/mL, kuma na sha ganin an ɗora iyakar 100 ɗin nan kan ma'aunin da ba nata ba. Idan za ku auna, ku auna kafin dashe, ku maimaita a kwanakin farko da kayan awo iri ɗaya, ku dubi ko yana sauka kamar yadda ya saba bayan an fara magungunan danne garkuwa. Awo ɗaya tilo, ni ba na ko kallonsa.

Yanzu ga inda hanyoyin biyu suka haɗu, kuma nan ne raina ke ɓaci sosai. Mutum wata bakwai da dashe, bai taɓa kamuwa da EBV ba kafin aikin, wanda ya ba shi ƙodar kuwa yana ɗauke da ita. Kiriyatinin ya hau, ɗan zazzaɓi, sCD30 ya yi sama. Sabon hannu ya ce ƙin dashe ne, ya zuba methylprednisolone miligiram 500 kwana uku, bai ga sauƙi ba ya ƙara da ATG mai share ƙwayoyin T. To waɗannan ƙwayoyin T ɗin su kaɗai ne suka rage suna tare ƙwayoyin B da EBV ta hau. Abin da ke cikin ƙodar tun farko PTLD ne, hayayyafar limfosait ta bayan dashe, wadda sau da yawa ita ma tana ɗauke da CD30. Maganinta na farko rage danne garkuwa ne, sannan rituximab idan tana da CD20. An yi mata akasin haka daidai wa daida, an zuba wa wuta fetur. Ƙin dashe da PTLD da cutar bairas ɗin BK mai kama ƙodar dashe duk suna iya zuwa da fuska ɗaya, biyun ƙarshe kuma ragin danne garkuwa suke so, ƙin dashe ne kawai ke son ƙari. Ta yaya lambar da ke hawa a cikin kowace tashin garkuwa za ta raba muku su?

A ɗauki nama. Ma'aunin Banff yana son aƙalla matatai 10 da jijiyoyin jini 2 a cikin gutsiren. A duba ko limfosait sun kutsa bangon bututun fitsari da bangon jijiya, a yi rinin C4d saboda ƙin dashe na antibodi, a yi rinin SV40 saboda BK, a nemi antibodin da ke yaƙar mai bayarwa a cikin jini, a duba awon maganin danne garkuwa tacrolimus. Ɗabi'ata ita ce, duk gutsiren da na ga ƙwayoyin sun taru dunƙule-dunƙule suna ture naman ƙodar gefe, ko ƙwayoyin B da na filasma sun rinjayi na T, ko akwai manyan ƙwayoyi da mataccen nama mai lanƙwasa kamar maciji, sai na ƙara EBER da CD20 da CD30 ko ba a nema ba. Wasu abokan aiki na ganin ɓarnar kaya ce. Gilashi uku ne.

Idan an zo ga magani

Brentuximab vedotin, wanda Amurka ta amince da shi a 2011, antibodi ne mai neman CD30 da aka ɗaure masa gubar MMAE, kimanin guda huɗu a kowane ɗaya. Yana manne wa ƙwayar, ta haɗiye shi, gubar ta kwance a ciki ta hana ta rabuwa. Kada a rubuta "CD30 ya kama" kawai, a faɗi kaso nawa cikin ɗari da ƙarfin rinin, domin manyan gwaje-gwajen limfomar ƙwayoyin T sun yi amfani da iyakar kashi 10, kodayake an ga masu ƙarancinsa ma suna amsawa.

Idan shi kaɗai ake bayarwa, miligiram 1.8 ne a kowane kilo duk mako uku, a ɗiga cikin minti 30, kuma lissafin ya tsaya a kilo 100, wato ba a wuce miligiram 180 komai nauyin mutum. Tare da haɗin kemo na AVD miligiram 1.2 ne a kowane kilo duk mako biyu, da allurar G-CSF mai ƙara fararen ƙwayoyin jini tun zagayen farko. Ba a haɗa shi da bleomycin: a gwajin farko mutum 11 cikin 25 huhunsu ya taɓu, biyu suka rasu. Ga manya, yawanci ba a haɗa shi da vincristine, domin jijiya ɗaya suke ci. Wanda tacewar ƙodarsa ta gaza mililita 30 a minti ba a ba shi, kuma mai dashen da ke shan maganin fungas irin su ketoconazole gubar takan taru masa.

Jijiyoyin hannu da ƙafa kuwa, kada ku tambayi mai jinya "akwai matsala?", zai ce babu, don yana tsoron a tsayar masa da magani. Ku miƙa masa riga ya ɓalla maɓalli a gabanku, ku sa ya taka a kan dunduniya. Idan yatsun sun fara lalube, ga mai karɓar miligiram 1.8 a dakata har ciwon jijiyar ya sauko mataki na ɗaya, wato mafi sauƙi, sannan a koma da miligiram 1.2 a kowane kilo. Idan kuma iyalinsa suka ce kwanan nan yana rikicewa, ko magana ta sauya, ko gani ya ragu, a tsayar da maganin ranar, a yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa, a nemi ƙwayar cutar JC a ruwan laka.